SHINGE A BIRNIN DA ƘASA TA GIRGIZA

Ran 30 ga watan Yuni, 2013, sojan ƙasar Niyu Zilan suka tashi daga ƙofofin da su ke gadi a tsakiyar birnin Christchurch, aka ɗauke sauran shingen wayar da ya tsare hanyoyin shiga wurin. Kwana 859 ke nan, watau shekara biyu da wata huɗu da 'yan kwanaki, tun ran da girgizar ƙasa ta sa Hukuma ta rufe cibiyar garin, ta hana kowa shiga sai mai takardar izini. Yaron da aka haifa ran da aka kafa shingen nan, kafin a cire shi ya riga ya iya tafiya, har ya fara magana. A cikin wurin da aka rufe kuwa akwai kantuna da bankuna da otal-otal da kotuna, da babbar majami'ar da garin ya ke alfahari da ita.

Shinge abu ne mai araha. Turakun ƙarfe ne da ragar waya, mutum biyu sun isa su kafa shi cikin sa'a guda. Amma inda aka sa shi, da faɗin da aka ba shi, da ranar da aka ɗauke shi, su ne ke raba mai rai da matacce, su kuma raba mai sana'a da wanda ya karye. Mutanen Christchurch sun ɗanɗana al'amarin ta fuska biyu: da farko shingensu ya yi kaɗan har aka yi hasarar rayuka, daga baya ya yi faɗi ya kuma daɗe har kasuwar garin ta watse. Abin da wannan 'yar takarda za ta bayyana ke nan, don an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

GARIN DA ƘASAR DA YA KE KAI

Niyu Zilan manyan tsibirai biyu ne a Tekun Fasifik, kudu maso gabas da Ostareliya. Christchurch shi ne gari mafi girma a tsibirin kudu, a lardin Canterbury, mutanensa sun fi dubu 350 a lokacin da mu ke magana. Turawan Ingila suka kafa shi a 1850, asalin mutanen ƙasar kuwa, watau Mawori, suna kiran wurin Otautahi. Ƙasar tana zaune ne a mahaɗar manyan falalen duwatsu biyu na ɓawon duniya, masu turereniya da juna a hankali, saboda haka girgiza ba baƙuwa ba ce gare su. Wadda aka yi a garin Napier a 1931 ta kashe mutum 256, bayanta ne aka fara kafa ƙa'idojin gini mai jure girgiza.

Christchurch ya gaji abu biyu daga waɗanda suka kafa shi. Na farko, wuri mai yawa na garin fadama ce aka janye ruwanta aka yi gini, ƙarƙashinta yashi ne da laɓo masu jiƙe. Na biyu, tsofaffin titunan ciniki cike su ke da benaye na jan bulo, hawa biyu ko uku, waɗanda aka jera da kwaɓi kawai, ba rodi ba ƙarfe a cikinsu. Magina na wancan zamani suna son ado, sai su ɗaga bangon gaba ya wuce rufi, su yi masa kwalliya mai nauyi. Duk wanda ya san rawani da zanko na soron Hausa ya san irin abin da a ke nufi, sai dai nasu ya fi tsawo da nauyi nesa ba kusa ba, yana kuma tsaye daidai bisa kan masu wucewa. Irin wannan gini yana ɗaukar nauyin da ya danne shi daga sama shekara ɗari ba ya gajiya. In aka jijjiga shi ta gefe kuwa, bangon gaba ya kan rabu da rufi da daɓen bene, ya kife kan titi.

GIRGIZA TA FARKO DA TAKARDU MASU LAUNI

Ran Asabar 4 ga Satumba, 2010, da ƙarfe 4:35 na asuba, ƙasa ta girgiza kusa da wani ƙaramin gari wai shi Darfield, wajen kilomita 40 yamma da Christchurch. Ƙarfinta ya kai maki 7.1 a ma'aunin girgizar ƙasa. Bulo ya zuba a tituna, mabuƙatan hayaƙi na gidaje suka faɗo, amma gini bai kashe kowa ba, don kuwa a wannan sa'a tituna wayam su ke, kowa yana kan gadonsa. Aka rufe tsakiyar garin 'yan kwanaki, sa'an nan aka buɗe, aka bar ƙananan shingaye nan da can a gaban gine-ginen da suka fi lalacewa.

Injiniyoyi da ma'aikatan Hukumar gari suka bi gini gini suna dubawa, suna manna takarda a ƙofa, bisa wani tsari da aka aro daga Kalifoniya ta Amurka. Jar takarda tana nufin kada kowa ya shiga. Rawaya tana nufin a shiga a taƙaice, bisa sharaɗi. Koriya tana nufin an duba, ba a ga lahanin da zai hana amfani da ginin ba. To, a nan ne wata babbar rashin fahimta ta shigo. Wannan dubawa ta gaggawa ce, wani lokaci ma daga waje kaɗai a ke yinta, mai duban ba ya buɗe zanen ginin balle ya lissafta ƙarfin ginshiƙansa. Ita kanta takardar tana shawartar mai gini ya nemi injiniya ya yi masa cikakken bincike. Amma jama'a sun saba kore a kan titi yana nufin a wuce, sai suka ɗauka an ba ginin shaidar lafiya ke nan. Bayan abin da ya faru daga baya, ƙasar ta bar amfani da koren launi gaba ɗaya, ta maye gurbinsa da farar takarda.

Babbar girgiza ba ta tafiya ita kaɗai, tana da 'yan rakiya, watau ƙananan girgiza da ke biyo bayanta watanni ko shekaru. A lardin Canterbury an ƙirga fiye da dubu 10 cikin shekarun da suka biyo. Ran 26 ga Disamba, 2010, wata daga cikinsu ta taso daga ƙarƙashin garin sosai, ta ƙara tsaga tsofaffin benaye. Kowace girgiza tana sassauta bangon da ta baya ta bari a tsaye. Ginin da aka duba cikin Satumba ba shi ne ginin da ke tsaye cikin Janairu ba, ko da ya ke takardar da ke ƙofarsa ba ta sake ba.

TALATA DA RANA TSAKA

Ran Talata 22 ga Fabrairu, 2011, da ƙarfe ɗaya saura minti tara na rana, lokacin da ma'aikata suka fito cin abinci, tituna suka cika, ƙasa ta sake motsawa. A ma'auni wannan ba ta kai ta Satumba ba, maki 6.3 ce. Amma ta taso ne daga wata tsaga da ba a san da ita ba a ƙarƙashin tuddan da ke kudu da garin, kusa da tashar jiragen ruwa ta Lyttelton, wajen kilomita 10 daga tsakiyar birni, zurfinta kuwa kilomita 5 kacal. Kusancin nan shi ya yi ɓarna. Ƙasa ta yi tsalle sama ta kuma yi gefe lokaci guda, da ƙarfin da ya wuce abin da aka ƙaddara wa gine-ginen. A unguwannin gabas yashin nan mai jiƙe ya narke ya zama taɓo, ya ɓulɓulo ta tsakar gida da titi, tushen gidaje ya nutse, bututun ruwa da na bahaya suka kakkarye.

Mutum 185 suka rasu. Daga cikinsu 115 a gini guda ne, wani bene mai hawa shida na siminti da rodi da aka gina a 1986, wanda a ke kira CTV saboda gidan talabijin da ke ciki. Ya durƙushe cikin daƙiƙoƙi, wuta ta kama. Da yawa daga mamatan ɗalibai ne baƙi masu koyon Turanci, 28 daga Japan. Takardar da ke ƙofar ginin koriya ce. Hukumar binciken da Gwamnati ta kafa a ƙarƙashin Mai Shari'a Mark Cooper ta gano a 2012 cewa tun a zanensa akwai nakasa, bai ma kamata a ba da izinin gina shi haka ba. Wasu 18 kuma suka rasu a ginin PGC. Waɗannan biyu shinge ba zai cece su ba, matsalarsu ta zanen gini ce.

Akwai wasu 42 da suka rasu sanadin sauran gine-gine, su ne abin lura a wannan darasi. Hukumar binciken ta tarar 35 daga cikinsu bangon tsofaffin benayen bulo ne ya faɗo musu, akasarinsu kuwa ba su ma cikin ginin da ya kashe su. Wasu suna tafiya a gefen titi, wasu suna cikin mota, wasu suna cikin kantin maƙwabta, wasu sun gudo waje neman tsira bulo ya tarye su a bakin ƙofa. Jar takarda tana kare wanda zai shiga. Wanda ke wucewa ta gindin bango ba ruwansa da abin da aka manna a ƙofa, ba abin da ke kare shi sai nisa.

Misali mafi ɗaci ya faru a titin Colombo, babban titin da ya ratsa garin daga kudu zuwa arewa. Fuskar wani jerin tsofaffin kantuna ta kife kan wata motar bas da kan masu tafiya a ƙasa, ta kashe takwas a cikin motar da huɗu a waje. An san gine-ginen sun sami lahani tun girgizar baya, an kuma rubuta haka, amma titin yana buɗe, motoci suna bi ta gindinsu kullum. Mutum ɗaya ce ta fita da rai daga motar, wata malamar jami'a mai suna Ann Brower. Bayan ta warke ta yi shekaru tana bin majalisa da hujjoji, har dokar gine-gine ta 2016 ta rage wa'adin gyara zuwa rabi ga irin waɗannan bangaye da rawuna masu iya faɗowa kan hanya mai yawan jama'a. Har wa yau a wannan rana mutum uku suka rasu a majami'ar Methodist ta titin Durham, wadda ta lalace tun Satumba. Sun shiga ne don kwance babban molon majami'ar a kai shi ajiya.

YADDA A KE AUNA SHINGE

Mai karatu zai tambaya, tun da an san bangon ya tsage, me ya hana a tsare titin? Amsar tana cikin lissafi. 'Yan kwana-kwana da injiniyoyi suna da wata ƙa'ida da su ke bi: bango in ya kife yana iya kai wa nisan tsawonsa, ɓaraguzansa kuma su yi tsalle su ƙara gaba, don haka a kan ja shinge nisan tsawon ginin da rabinsa. Bene mai tsawon mita 10 yana bukatar shinge mita 15 daga gindinsa. Yawancin titunan tsakiyar Christchurch kuwa faɗinsu wajen mita 20 ne. Ashe shinge na gaskiya a gaban bene guda zai cinye kashi uku cikin huɗu na titin, in kuma akwai wani lalatacce a tsallake, titin ya rufu ke nan ɗungum. Mai kantin da ke maƙwabtaka, wanda gininsa lafiya lau ya ke, ya rasa masu saye. Motocin haya su sake hanya. Kowa ya zo yana roƙon a matsar da shingen ko da taku biyu ne, ma'aikacin Hukuma kuwa mutum ne, yana ganin wata biyar sun wuce bangon bai faɗi ba.

Ta haka shinge ya kan koma na ganin ido. A sa shi mita ɗaya ko biyu daga bango, ya isa ya tare ɗan bulo guda da ya suɓuto, ya kuma isa a ce an yi wani abu. Irin wannan ya fi rashinsa haɗari ta wata fuska, don mai wucewa yana ganinsa sai ya sakankance cewa masana sun auna, bayan wayar nan lafiya ce. Wajibi ne kuma a tuna ragar waya mutum ta ke tarewa, ba ta tare bango. In ana son titi ya ci gaba da aiki alhali ginin yana tsaye, sai dai a tokare bangon da ƙarafa, ko a sauke rawanin, ko a gindaya abu mai nauyi tsakaninsa da jama'a. Dukkansu kuɗi ne, shi ya sa a kan yi ta jan ƙafa tsakanin mai gini da kamfanin inshora da Hukuma, bango kuwa ba ya jiran takarda ta fito.

JAN YANKI

Bayan 22 ga Fabrairu ba wanda ya sake gardamar taku biyu. Kashegari Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a ƙasa baki ɗaya, wadda ta ci gaba har 30 ga Afrilu. Aka zagaye dukkan tsakiyar birnin, wurin da manyan hanyoyi huɗu suka kewaye, kusan murabba'in kilomita huɗu, aka sa masa suna Jan Yanki. 'Yan sanda da soja suka tsare ƙofofi. Ostareliya ta aiko da 'yan sanda wajen 300, aka rantsar da su suka yi aiki da dokar Niyu Zilan, sojan Singafo da suka zo rawar daji su ma suka shiga gadi. A makonnin farko dalilin rufewar a fili ya ke: masu ceto suna bukatar hanya, suna kuma bukatar shiru don su ji motsin wanda ke ƙarƙashin ɓaraguzai, ƙasa ba ta daina rawa ba, kantuna kuwa ga su a buɗe ba mai tsaro.

Abin da ya tsawaita rufewar shi ne dogayen benaye. Otal ɗin Grand Chancellor mai hawa 26 ya karkata bayan wani bangon da ke ɗauke da shi ya murƙushe daga ƙasa. Mai karatu ya gwada lissafin da mu ka yi a baya da gini mai tsawon wajen mita 85, zai ga unguwa nawa ya kamata a kwashe saboda shi kaɗai. Ba a iya kayar da shi da nakiya ba don gudun ɓarnar maƙwabta, sai da aka bi shi hawa hawa daga sama, aikin bai ƙare ba sai 2012. Muddin yana tsaye, gine-gine masu lafiya da ke inuwarsa su ma a kulle su ke. 'Yan rakiya kuma suka yi ta mai da aiki baya. Ran 13 ga Yuni, 2011, wata babba ta sake rushe abin da ya yi saura a wurare da yawa, haka ma ran 23 ga Disamba. Kowane karo sai an sake duba gine-gine daga farko. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: girgizar Yuni ta zubar da bango da yawa a cikin Jan Yanki, amma ta tarar da titunan ba kowa sai ma'aikata. Shingen ya yi aikinsa.

Kada a rikita wannan da wani Jan Yanki na biyu, na unguwannin zama a gefen kogin Avon da kan tudu, inda ƙasar kanta ta lalace, Gwamnati ta saye gidaje wajen dubu 8 ta rushe. Wannan labari ne dabam.

KUKAN MASU KANTUNA

Kafin girgizar, wuraren sana'a kimanin dubu 6 ne a tsakiyar garin, da ma'aikata wajen dubu 50. Dukkansu sun fita da abin da ke hannunsu kawai. Motoci suka yi watanni a wuraren ajiya. Abinci ya ruɓe a gidajen abinci, faranti na kan tebur yadda aka gudu aka bar su. Ɗan kasuwa yana da kaya a kanti, da littattafan lissafi, da kwamfutar da ke ɗauke da sunayen masu bashi, da takardun da kamfanin inshora ke nema kafin ya biya shi, duk suna bayan waya yana hango su. Wasu suka ji a bakin mutane cewa an rushe gininsu da kayansu a ciki ba a sanar da su ba. Aka yi ta ƙorafin sata kuma, ana cewa an hana mai abu shiga alhali wasu suna shiga.

Cikin watan Maris, 2011, haƙuri ya ƙare. Masu sana'a suka yi zanga-zanga a gaban ofishin masu kula da agajin gaggawa, wasunsu suka kutsa ta shingen, 'yan sanda suka fitar da su. Ba a Niyu Zilan kaɗai aka ga haka ba. A birnin L'Aquila na Italiya, inda girgizar 6 ga Afrilu, 2009, ta kashe mutum 309, soja suka tsare tsohon gari, har cikin Fabrairu, 2010, mazauna suka ture shinge suka shiga da baro da shebur suna kwashe ɓaraguzai da kansu. Mutane suna jure shinge muddin sun san dalilinsa, sun san ƙofarsa, sun kuma san ranar ɗauke shi. In aka rasa ukun nan sai su fara ganinsa a matsayin wulaƙanci.

Daga nan aka gyara tsari. Aka raba yankin kashi kashi, aka rubuta masu gine-gine da masu haya, aka riƙa shigar da su bi da bi tare da injiniya, da hular kwano da riga mai ƙyalli, a ba mutum ɗan lokaci ya ɗauko abin da ya fi muhimmanci. Gwamnati ta kafa wata hukuma ta musamman mai suna CERA don farfaɗo da lardin, a ƙarƙashin minista Gerry Brownlee, ta karɓi ragamar shingen bayan dokar ta-ɓaci ta ƙare, da ikon ba da umurnin rushe gini mai haɗari. Ta riƙa buga taswira tana nuna titunan da aka buɗe da waɗanda za a buɗe. A ganina wannan taswira ta yi amfani kamar sojan da ke ƙofa, domin mutumin da ya ga shinge yana ja da baya kowane wata ba ya tunanin tsallake shi.

Duk da haka an yi hasarar da ba ta dawo da wuri ba. Ofisoshi da kantuna ba su zauna jira ba, suka koma unguwanni irin su Addington da Riccarton, suka sa hannu kan haya ta shekaru. Da aka buɗe tsakiyar garin sai aka tarar da filaye fetal, an mai da su wurin ajiye motoci. Zuwa farkon 2015 an rushe gini fiye da 1,200 a cikin hanyoyin nan huɗu. Har yanzu akwai masu ganin cewa da an rage faɗin shingen da sauri, aka tsare gine-gine masu haɗari ɗaya ɗaya, da garin bai yi wannan doguwar suma ba. Akwai kuma masu amsa musu da cewa irin wannan tunani ne ya bar titin Colombo a buɗe. Kowane ɓangare yana da hujjarsa.

KWANTENA, DA RAMUKAN LEƘE

Wani abin da ya yi rana a wannan hali shi ne kwantena, watau manyan akwatunan ƙarfen nan da a ke loda kaya a jirgin ruwa. Suna da nauyi, ana iya ɗora su bisa juna, ana kuma iya ɗauke su in bukata ta ƙare. Aka jera su a gaban fuskokin tsofaffin gine-ginen da a ke son ceto, su tokare bango su kuma tare abin da zai faɗo, ta haka aka iya buɗe rabin titi. A unguwannin bakin teku na Sumner da Redcliffs, inda duwatsu suka gangaro daga tudu suka kashe mutane ran girgizar, aka yi doguwar katanga ta kwantena hawa biyu a gefen hanya, ta yi shekaru a wurin har masu zane suka lulluɓe ta da hotuna. Ran 29 ga Oktoba, 2011, aka buɗe wata kasuwa sukutum da aka gina da kwantena masu launi a titin Cashel, a bakin shingen, don mutane su sake sabawa da zuwa tsakiyar gari. An yi ta ne a matsayin ta wucin gadi, amma ta ci har farkon 2018.

Hukuma ta kuma gane cewa jama'a suna da bukatar su gani da idonsu. Cikin Nuwamba, 2011, aka fara zagayawa da su cikin Jan Yanki a motocin bas, ba mai sauka, bayan an gargaɗe su cewa haɗari bai ƙare ba. Aka kuma yi wata siririyar hanya mai waya dama da hagu zuwa dandalin majami'a. Shingen kansa ya zama wurin taruwa, ana rataya furanni da wasiƙu a jikinsa, musamman a filin da ginin CTV ya ke a da.

Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da manyan girgiza ke addaba, ko da ya ke ƙasa ta yi motsi a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018, ta kuma taɓa yin ɓarna a Akara ta ƙasar Gana a 1939. Amma tsagaggen bango a nan da can ɗabi'arsa ɗaya ce, ko girgiza ce ta sassauta shi, ko gobara, ko ambaliya, ko mugun gini. Abin da a ke roƙon jama'a shi ne, in bene ya rushe ko kasuwa ta ƙone, aka ja igiya ko aka jera ganguna, kada a ɗauka don hana kallo aka yi. Sauran ginin da ke tsaye shi ne abin tsoro, masu ceto kuma suna bukatar hanya da shiru. Wanda ya ga bango ya rabu da jikin gini a kan hanyar mutane, ya sanar da Ƙaramar Hukuma ko 'yan kwana-kwana, ya kuma tuna awon nan na tsawo da rabi in za a tsare wurin.

SHINGEN DA YA RAGE

Cire babban shingen a 2013 bai kawar da waya daga Christchurch ba, ya dai mai da ita ƙanana, kowane lalataccen gini da nasa. Wanda ya fi kowane daɗewa shi ne na babbar majami'ar Angilika da ke tsakiyar dandali, wadda hasumiyarta ta faɗi ran 22 ga Fabrairu, tagarta mai zagaye kuma ta bi baya a girgizar Yuni. Shugabannin majami'ar suka so rushe ta, masu son adana kayan tarihi suka kai ƙara kotu, aka yi shekaru ana jayayya, tantabaru suka mai da cikinta gida, ciyawa ta tsiro bayan waya. Masu ibada suka koma wata majami'a ta wucin gadi da wani maginin Japan, Shigeru Ban, ya zana da manyan bututun kwali, aka buɗe ta cikin Agusta, 2013. Sai 2017 aka yanke shawarar a mai da tsohuwar yadda ta ke, aiki ya kankama a 2020. Cikin Agusta, 2024, aka dakatar da shi saboda kuɗi sun gaza, shekara goma sha uku da rabi bayan girgizar, ginin yana bayan shinge.